Ruwa, sifirit ko tina: da me za ka sirka fentin alƙalamin feshi?

Wata ranar Talata ce a tsakiyar hunturu, wani mai babur ya kawo hular kwano yana so a zana masa mikiya a gefe, a rubuta sunan garinsu a ƙeya. A lokacin ban fi wata huɗu da fara riƙe alƙalamin feshi ba, 'yar ƙaramar bindigar fentin nan mai kama da biro da wasu ke kira eyaburosh. Na ɗiga farin fenti a ɗan kofin da ke kanta, na jawo kwalbar abin sirki, ashe ta ƙare tun jiya. Sai na aiki yaro kemis ya sayo sifirit, don na taɓa ganin wani abokin sana'a yana sirka nasa fentin da shi, aikin kuma ya fito sumul. Ɗigo biyar na zuba. Ina juyawa da tsinke sai fenti ya kama, ya dunƙule, ruwa ya ware gefe guda, sak yadda madarar waken suya ke yi idan mai awara ta zuba mata ruwan tsami. Ban daddara ba, na danna kunama. Iska ta fita, fenti ya ce bai san zancen ba. Sa'a ɗaya da rabi na kwashe ina kwance allura da baki, ina sakace dunƙulen roba da tsinken ashana.

Maigidana ya leƙo ya tarar da kayan alƙalami a baje a kan jarida. Na ce, "Maigida, wallahi na ga wane yana sa sifirit." Ya ɗaga kwalbar fentin ya shinshina, ya ajiye. Ya ce, "To ai wannan ba fentin wane ba ne. Yaro, ka riƙa sanin abin da ke cikin kwalba kafin ka aura mata miji."

Tambayar da sababbin shiga suka fi yi ita ce ɗigo nawa ake zubawa. Za mu zo kanta, amma ita ce ƙarama. Wadda ke ɓata aiki ko ta gyara shi ita ce wane abin sirki ne ya dace da fentin da ke hannunka, da abin da za ka fesa a kai, da kuma watan da ake ciki.

Kowane fenti abu uku ne a haɗe. Akwai garin launi, akwai danƙon da ke riƙe garin ya manne shi a jikin abu, sai ruwan da ke ɗauke da su biyun har su isa inda za su zauna, sannan ya tashi ya bar su. Abin sirki ƙari ne a kan na ukun nan, ba ya ƙara launi, ba ya ƙara danƙo. Dalilin da ya sa dole a sirka kuwa shi ne ƙanƙantar ƙofa. Ramin bakin alƙalamin feshi yawanci daga milimita 0.2 ne zuwa 0.5, wato faɗin 'yan silin gashi kaɗan, kuma allura tana zaune a tsakiyar ramin ta cinye mafi yawansa. Fenti ta ɗan zoben da ya rage tsakanin allura da baki yake bi. Abin da buroshi zai shafa lafiya lau, a nan ko motsi ba zai yi ba.

Abin da ya ruɗe ni ranar hular kwano shi ne kalmar akirilik. Kwalabe iri uku ne ke ɗauke da sunan nan, kuma ba 'yan gida ɗaya ba ne. Na farko shi ne fentin ruwa zalla, irin Vallejo na ƙasar Sifen, ko Createx, Golden da Liquitex. A cikin wannan, danƙon ba narkakke ba ne, ƙananan ƙwayoyin roba ne suke yawo a cikin ruwa kamar yadda maiƙo ke yawo a cikin madara. Idan ruwan ya tashi sai su matso su haɗe, su zama fata guda. Zuba masa sifirit mai ƙarfi da yawa, sai ƙwayoyin su haɗe tun a cikin kofi. Awarar da na dama ke nan. Na biyu shi ne irin Tamiya na Japan masu lambar X da XF, waɗanda tun daga kamfani da dangin sifirit a cikinsu. Kana buɗe murfi za ka ji warin, kuma akwai alamar wuta a jikin kwalbar. Irin wannan abokin nawa yake amfani da shi, shi ya sa sifirit bai ci amanarsa ba. Na uku irin Mr. Color ne, shi ma daga Japan, wanda danƙonsa akirilik ne amma a narke cikin tina mai zafi, ruwa ko kusa ba ya shiga cikinsa. Saboda haka hanci da alamar wuta sun fi babban rubutun gaban kwalba faɗa maka gaskiya.

Mu fara da ruwa, tunda shi ne kowa ke fara miƙa wa hannu. Ba ya wari, ba ya cin kuɗi, ba ya lalata robobin da ke cikin alƙalami, ba ya kama wuta. A kan takarda, kwali ko zanen kambas, inda abin ke shan fenti, ruwa na yin aiki daidai gwargwado, kuma mai koyon jan layi da ɗigo a kan tsohuwar jarida ba shi da dalilin ɓarnatar da abin sirki mai tsada.

Matsalarsa ta farko tana bayyana da zarar ka koma kan abu mai santsi. Ruwa yana da taurin fuska, yana son dunƙulewa ya zama ɗigo, kamar yadda yake yi a kan ganyen gwaza. Masu awo sun sa taurin fuskarsa a kan 72, na sifirit kuwa wajen 22 ne kawai a ma'auni ɗaya. To idan ka fesa fentin da aka cika wa ruwa a kan roba, gilashi ko ƙarfen da aka shafe, maimakon ya shimfiɗe sai ya tattare ɗigo-ɗigo, iskar alƙalami kuma ta kora shi gefe ya yi ƙafafu kamar gizo-gizo. Matsala ta biyu ba ta nuna kanta sai an kwana biyu. Duk ruwan da ka ƙara, danƙon da ke cikin kowane ɗigo yana raguwa, garin launi ya rasa mai riƙe shi. Aikin zai bushe ya yi kyau a ido, mai kaya ya biya ya tafi, sannan farce ko salatif ya ɗauke shi, ko riga ta koɗe a wanki na biyu. Ƙa'idar da aka saba bi a fentin masu zane ita ce kada ruwa ya wuce kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, musamman a kan abin da ba ya shan fenti. Sai dai fentin da ake matsowa daga bututu, mai kaurin man shanu, yana buƙatar sirkin da ya ninka haka kafin ya bi ta bakin 0.3. A nan ruwa ke gazawa: inda ya isa ya tsinka fentin, ya riga ya raunana shi.

Kuma ba kowane ruwa ba. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai zartsi yana ɗauke da gishirin ƙasa da ke iya sa fenti ya yi gudaji, ga ƙasa-ƙasar da ido ba ya gani amma bakin alƙalami yana ji. Wanda ya dace shi ne tataccen ruwan nan da ake ƙara wa batirin mota. A nan sai a yi hattara: ka ce wa mai shago tataccen ruwa kake so, wanda ba asid a ciki, don idan ka ce "ruwan batir" kawai yana iya miƙo maka mai asid, wanda zai cinye alƙalamin ya haɗa da yatsunka.

Abin sirkin da kamfanin fenti ya haɗa wa fentinsa shi ne na biyu, kuma ba zan ɓoye ba, shi nake fifitawa ga duk aikin da za a karɓi kuɗi a kansa. Akasarinsa ruwa ne, amma da sinadaran da ke karya taurin fuskar nan, su kuma rage saurin bushewa, don fenti ya kwanta maimakon ya tattare. Vallejo na da nasa, tare da wani mai suna Flow Improver da ake ɗiga ɗaya ko biyu a kan ɗigo goma na fenti don hana bushewa a tsinin allura. Createx na da 4011, wanda ake farawa da kamar kashi goma cikin ɗari, kuma kamfanin na ba da shawarar a bar haɗin ya huta minti goma kafin a fesa. Mutane da yawa suna tsallake hutun nan don gaggawa, sannan su ce fentin ba shi da kyau. Tamiya na da X-20A. A kula da harafin ƙarshe: X-20 mara A na fentin mai ne, kwalaben kuma suna kama da juna ga wanda ke sauri.

Akwai kuma wani ɗan'uwansa da ya fi shi muhimmanci ga mai amfani da fentin bututu, wanda Golden da Liquitex ke sayarwa da sunan Airbrush Medium. Shi wannan danƙo ne tsinkakke wanda ba launi a ciki. Idan ka sirka da shi, kauri na raguwa amma mai riƙe garin launi bai ragu ba. Ga mai zane a kan riga, takalmi, jakar fata ko duk abin da za a lanƙwasa a goga, bambancinsa da ruwa shi ne bambancin kwastoman da zai dawo da sabon aiki da wanda zai dawo da ƙorafi.

Aibinsu kuɗi da wahalar samu. Kaya ne na waje, farashinsu na bin dala, kuma sau da yawa sai an yi oda an jira. Amma a yi lissafin da ɗigo, ba da kwalba ba. Mililita ɗaya kusan ɗigo 20 ce, ke nan kwalbar mililita 200 tana da ɗigo wajen 4,000. Ƙaramin zane irin na hular kwano bai cika cin ɗigo ɗari ba. Idan ka raba kuɗin kwalbar a kan ayyukan da za ta yi, abin da ke kan kowane aiki bai kai kuɗin fentin da za ka zubar ranar da ya yi maka awara ba, balle lokacin da za ka ɓata kana sakace baki.

Wasu suna haɗa nasu a gida, ni ma ina yi idan na kamfani ya yanke. Nawa shi ne kashi huɗu na tataccen ruwa, kashi ɗaya na sifirit, da ɗigo biyu ko uku na gilisarin a ƙaramar kwalba. Sifirit ɗin da aka riga aka tsinka haka ba ya firgita yawancin fentin ruwa kamar zallansa, amma duk da haka ina gwadawa a murfin kwalba kafin ya shiga alƙalami. Gilisarin kuma a yi masa rowa. Ya yi yawa, fentin zai kwana yana danƙo, ƙura ta samu wurin zama. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ruwan goge gilashi mai shuɗin nan da wasu ke yabawa. Mai ammoniya a ciki yana tsinka fenti da kyau, gaskiya ne, amma a hankali yana cin farin rufin cikin kofi har ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya fito, ga shi kana fesa shi cikin iskar da kake shaƙa.

Sifirit zalla kuma fa? Gidansa ɗaya ne, fenti irin na Tamiya, sai kuma wankin alƙalami bayan fentin ruwa. Yana da araha, kowane kemis akwai shi, yana kwantar da fenti a kan roba ba tattarewa. Laifinsa gaggawa. Irin wanda ake kira isofurofil yana tafasa a digiri 82, ruwa kuwa sai 100, kuma idan aka watsa shi ya zama hazo yana tashi nan take. A cikin hunturu, lokacin da laimar iska a Kano, Katsina ko Damagaram kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, fentin da aka sirka da sifirit yakan bushe a hanya tsakanin baki da abin da ake fesawa. Ya sauka a matsayin gari. Ka shafa hannu ka ji kamar sandfefa, sheƙi kuma babu. Idan dusasshen launi kake so, wannan ba asara ba ce sosai. Idan sheƙi kake nema, X-20A ya fi shi nesa ba kusa ba, domin shi an rage masa gudu.

Sai fentin mai, wanda masu rubutun allon shago da masu fentin ƙofofi suka fi sabawa da shi, kuma akwai shi a ƙananan gwangwanaye na mililita 14 irin na Humbrol daga Ingila. Abin sirkinsa na asali shi ne wayit-sifirit, wanda duk da sunan ba ɗan'uwan na kemis ba ne, daga ɗanyen mai ake tace shi, kuma sai wajen digiri 150 zuwa 200 yake tafasa. Wannan nawar tasa ce ta sa fentin mai yake da daɗin fesawa a lokacin rani: ba ya bushewa a tsinin allura, yana da lokacin da zai shimfiɗe ya yi sheƙi kamar tangaran. Amma nawar nan ita ce kuma ke kai shi ƙasa. Yakan ɗauki sa'o'i kafin a iya taɓa shi, kwanaki kafin ya yi ƙarfi sosai, domin shi ba tashin ruwa kaɗai ke busar da shi ba, sai danƙon ya sha iska ya taurare. A watan Janairu, duk ƙurar da ta shigo ta taga a cikin sa'o'in nan ta zama ɓangaren aikinka. Wanda zai yi fentin mai a hunturu ya tanadi babban kwali da zai kife a kan aikin.

Na san da yawa da kananzir suke sirka shi, wasu ma da fetur. Kananzir yana shiga, amma yana da maiƙo, yana ƙara jinkirin bushewa, yana dusashe sheƙi. Don wanke buroshi ba laifi. Fetur kuwa ban ga uzurinsa ba. Tururinsa na iya kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, kai kuma ga ka kana mayar da shi hazo a cikin shago, janareto na ruri a bakin ƙofa, maƙwabcinka mai walda na tartsatsi.

Na ƙarshe shi ne fentin tina, wato selulos da danginsa, irin wanda masu fentin mota suka sani. In dai maganar daɗin fesawa ce kawai, babu na biyunsa. Yana fita siriri, ya bushe cikin mintuna, ya yi ƙarfi, ya kama jikin ƙarfe da kyau. Kuma yana da wata baiwa da fentin ruwa ba shi da ita: tinarsa tana sake narkar da busasshensa. Duk abin da ya fara daskarewa a tsinin allura, sabon fentin da ke tahowa zai wanke shi. Fentin ruwa kuwa da ya bushe ya zama roba, sai an sa hannu an ɓare. Shi ya sa mai fentin tina zai yi rabin sa'a yana aiki ba tsayawa, mai fentin ruwa kuma yana tsayawa kowane minti biyu yana tsince allura da farce.

A nan ma zaɓi biyu ne, tinar kasuwa da ake aunawa a kwalba ko galan, da wadda aka haɗa don ƙananan ayyuka, irin Mr. Color Leveling Thinner mai ɗauke da sinadarin jinkirta bushewa. Ta kasuwa haɗin su asiton ne da toluwin da zailin, kuma haɗin yana bambanta daga wannan galan zuwa wancan. Asiton a digiri 56 yake tafasa. A watan Afrilu da zafi kan haura digiri 40 a inuwa, ka ga ba wata tazara mai yawa tsakaninsu. Tana da zafi ƙwarai, tana iya narkar da roba mai laushi ko ta sa ta tsattsage. Ni don wanki nake ajiye ta, da feshin ƙarfe zalla. Mai jinkirin kuma ita ke ba da sheƙin nan mai kama da jiƙaƙƙen gilashi, har fentin Tamiya na X da XF ma yana karɓar ta, ya fi kwanciya da ita fiye da yadda yake yi da sifirit.

Kuɗin da ake biya a kan wannan daɗi ba na aljihu kaɗai ba ne. Tina tana kumbura baƙaƙen zoben roba da ke cikin alƙalamai masu araha, sai fenti ya fara komawa baya yana shiga wurin kunama. Kafin ka saya ka tambaya ko abin toshe allurar na Teflon ne, farin nan mai tauri, shi ne ke jure ta. Sannan akwai tsarin hawa: fentin tina a ƙasa, na mai ko na ruwa a kansa. Ka juya tsarin, ka fesa jiƙaƙƙen fentin tina a kan fentin mai, sai na ƙasan ya yamutse kamar fatar tsohuwa. Uwa uba huhu. Takunkumin ƙura na takarda ko na yadi ba ya tare tururin tina ko kaɗan, sai mai gwangwanin gawayi a gefe, kuma a fili ko inda iska ke ratsawa. Madarar da wasu masu fenti ke sha bayan aiki ba ta wanke komai daga ƙirji. Fentin mota mai hadina, wato sinadarin taurar da fenti, wanda ake kira 2K, ya fi wannan ma haɗari saboda sinadarin isosayanet da ke jawo asma mai ɗorewa, kuma ba abin da za a yi wasa da shi a shagon cikin unguwa ba ne.

Damina tana juya lissafin duka. A watan Agusta fentin ruwa ba ya saurin bushewa a allura, har kana iya ajiye mai jinkirtawa. Amma kwamfuresa, injin da ke hura wa alƙalami iska, na tara ruwa, ya tofo maka shi a tsakiyar zane, don haka matarar ruwa a kan tiyo ta zama dole, a riƙa zubar da ita kullum. Fentin tina kuma yakan yi fari-fari kamar an hura masa hazo, saboda saurin tashin tinar na sanyaya fuskar fentin har raɓa ta sauka a kai. Maganinsa tina mai jinkiri, ko a jira rana ta buɗe.

To, ɗigo nawa? Littattafan Turawa suna cewa a kai fenti kaurin madara. Mu da muka san nono hawa-hawa mun fi su ma'auni. Kindirmo ya yi kauri, ba zai fita ba. Tsala da aka cika wa ruwa ya tsinke da yawa. Madarar da aka tatso yanzu ita ce daidai. Ka ɗebo da tsinke ka shafa a bangon kofi: ya gangaro ba jan ƙafa, ya bar siririn launi a bayansa. Ya tsaya cak, ƙara sirki. Ya zube bai bar komai ba, ƙara fenti. A matsayin mafari, Tamiya da fentin mai sukan so kusan ɗaya da ɗaya, Mr. Color ɗaya na fenti da ɗaya da rabi ko biyu na tina, irin su Vallejo Model Air da Golden High Flow kuwa an riga an tsinka su, ɗigo kaɗan ko ba komai. Amma launi ma yana da hali. Fari ya fi kowa nauyi da saurin toshe baki, masu ƙyallin azurfa da zinariya suna son baki mai faɗi, kuma kwalbar da ta shekara a buɗe ta fi sabuwa kauri.

Kauri kuma tare yake tafiya da ƙarfin iska. Yawancin aiki tsakanin 15 ne da 30 a agogon kwamfuresa mai awon psi, wato kusan ɗaya zuwa biyu a awon da ake kira bar. Siririn layi yana son tsinkakken fenti, iska kaɗan, hannu kusa. Rufe fili mai faɗi yana son fenti mai ɗan jiki da iska mai ƙarfi. Alƙalamin da ke zuƙo fenti daga kwalba a ƙasa ya fi mai kofi a sama buƙatar iska. Abin da ya sauka a takardar gwaji shi zai gaya maka inda ka kauce. Tartsatsin ɗigo a gefen layi, fenti ya yi kauri ko iska ta yi kaɗan. Ƙafafun gizo-gizo, ya tsinke da yawa ko ka matso da yawa. Fuska mai gurje-gurje kamar ɓawon lemo, bai samu sirkin da zai shimfiɗe ba. Kumfa a cikin kofi kuwa, baki ya toshe ko bai ɗauru ba, ƙarin sirki ba zai gyara wannan ba. A haɗa a wani ƙoƙo daban, a tace da guntun safar mata ta nailan. In kuwa dole a cikin kofin alƙalami za a haɗa, abin sirki ya fara shiga, don kada fenti mai kauri ya gangara ya zauna a bakin allura. Fentin bango na imolshan kuma a bar shi a bango, garin farar ƙasar da ke cikinsa ya fi ƙarfin wannan ƙofa komai yawan ruwan da aka ba shi.

Da wani zai zo ya ce in zaɓar masa, sai in fara tambayarsa me yake fesawa kuma a ina. Mai koyo da mai zane a takarda, fentin ruwa da tataccen ruwa sun ishe shi. Mai riga, takalmi da jaka, ya sayi abin sirkin kamfanin fentinsa ko tsinkakken danƙon nan, ya kuma gasa zanen da dutsen guga idan fentin yadi ne. Mai aiki a ɗaki ko shagon da ba taga, ko inda yara ke shige da fice, kada ya bar gidan fentin ruwa ko da tsintar allura za ta gajiyar da shi. Mai tankin babur da allon ƙarfe wanda ke da fili da takunkumin kirki, fentin tina da tina mai jinkiri za su ba shi aikin da sauran ba za su ba shi ba. Fentin mai na mai haƙuri ne da wurin da ƙura ba ta shiga. Masu ado a kan kek da masu kwalliyar fuska kuwa, babu ko ɗaya daga cikin abubuwan nan da ya halatta ya shiga alƙalaminsu, nasu launin daban ne, kuma alƙalamin da ya taɓa shan fenti ba ya komawa kan abinci.

Hular kwanon nan, sai bayan kwana uku na gama ta, da na samu aron abin sirki daga wajen abokin sana'a. Da yamman ranar awarar na so in huce haushi in fesa mata fentin tina in huta, maigida ya hana. Ya juya hular ya nuna mini 'yar takardar da ke manne a ciki, inda aka yi gargaɗin kada a shafa mata fenti ko tina ba tare da bin umarnin masu ƙera ta ba. Yawancin huluna masu araha da robar folikabonet ko ABS ake yin su, kuma tina mai zafi tana raunana irin wannan roba ta yadda ido ba zai gani ba, sai ranar da mai ita ya faɗi. Fentin ruwa na yi mata, hawa huɗu sirara, ina barin kowanne ya bushe. Kafin in taɓa ta na fesa haɗin a bayan cokalin roba, na bar shi ya kwana, da safe na manna salatif na fizge. Bai ɗauko komai ba, sannan na fara fiffiken mikiya.